Ranar da Firjin Asibiti Ya Sha Man Gas

Cikin ranakun da na yi a aikin nan, wadda ta ƙi fita raina ita ce wata Alhamis ta farkon kaka, lokacin ina riƙe da wani ƙaramin asibiti a ƙasar Maradun, can tsakanin Dosara da Janbako. Ba zan faɗi sunan garin ba, don ɗiyan mutanen da zan ambata suna nan da ransu, wasu ma wurinku suke zuwa awo. Lokacin ba a yi Jihar Zamfara ba, duk Sakkwato muke amsawa. An gama dam na Bakolori bai daɗe ba. Ruwa ya ci gonakin wasu, wasu an tashe su an kai su sabon wuri, mu kuma ma'aikatan lafiya munka samu namu rabon: sauron da bai san rani ba, da fitsarin jini, da macizan da ruwa ya koro tudu.

Bari in fara da yadda tsarin yake, don ku da kunka tarad da janareto da firji mai lantarki ba ku san wahala ba sai ta cika takarda. Ni malamin jinya ne, ni ke riƙe da asibitin. Mutanen gari Likita suke ce mani. Na yi wata biyu ina gyara masu, da na ga ba su ji, sai na haƙura na karɓi ƙarin girman, tunda ba ya zuwa da albashi balle a tuhume ni. Ƙarƙashina akwai Baba Mande, leburan asibiti, dattijo ne da a shekaru ya haife ni. Shi ke shara, shi ke ɗebo ruwa, shi ke gadi. Samana akwai Sufeto a Talata Mafara, mai duba ƙananan asibitocin Mafara da Bakura da Maradun. Saman Sufeto kuma sai mutanen Sakkwato, waɗanda ba mu taɓa ganin fuskarsu ba sai takardarsu.

Abin da ya fi komai daraja a asibitin nan firji ne mai aiki da kananzir. Ƙarƙashinsa akwai tanki da lagwani, kamar na fitila. Wutar 'yar ƙarama ce, ba ta kai farcen babban yatsa ba, kuma dole ta tsaya shuɗiya. In ta koma ja tana hayaƙi, to sanyi ya kama hanyar tafiya. Kowace safiya, kafin in ga mara lafiya ko ɗaya, sai na durƙusa na cika tanki, na gyara lagwani, na duba ma'aunin sanyi. Cikinsa muke ajiye allurar rigakafin yara, da kwalba uku na maganin dafin maciji.

Macijin ƙasar nan da muke tsoro shi ne kububuwa. Ɗan gajere ne, kalar ƙasa, yana son kwanciya ƙarƙashin dami da tarin harawa. Ba ya kashewa nan take. Dafinsa jini yake tsinkawa, ya hana shi daskarewa, sai mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi, ta tsohon miki, ta ciki inda ido ba ya gani, kwana biyu, kwana uku, har ya tafi. Maganinsa wannan allurar ce, ita kuma ba ta son zafi.

To sai gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Ba rana ɗaya abin ya zo ba. Da farko ƙwayoyin da muke bai wa talakawa kyauta sunka ragu, har ya zama muna rubuta takarda mu ce a je a saya, ga mutumin da ko kuɗin mota bai da shi. Daga nan motar ɗaukar marasa lafiya ta shiyyarmu ta hau kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Na ƙarshe sai takarda ta zo cewa an soke kananzir na ƙananan asibitoci. A kashe firji, a mayar da duk maganin da ke buƙatar sanyi ɗakin ajiya na Mafara kafin ƙarshen wata.

Allurar rigakafi na mayar. Kwalba ukun nan kuwa sai na manta da su. Na yi aiki Yawuri, na yi Zuru, na yi Isa, na yi Gummi, kuma duk inda na je na lura mantuwar ma'aikaci tana da wayo, ta san abin da take mantawa. Kaka na ƙaratowa, ni kuma na san lokacin da kububuwa ke cin kasuwarta ke nan.

Na je na samu Liman na gaya mashi halin da ake ciki. Ranar Juma'a bayan sallah ya yi wa jama'a bayani. Wallahi abin da ya biyo baya har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Kananzir na wuya a lokacin, amma mata sunka riƙa aiko da shi, wannan a gwangwanin madara, wannan a kwalbar turare, wannan rabin kwalbar lemo. Daga fitilunsu suke ragewa. Da wannan tare-taren firjin ya ci gaba da numfashi.

Ana haka sai saƙo ya zo daga Sufeto, in zo ya gan ni. Ranar Litinin da safe na hau babur. Kafin in tafi na ce wa Baba Mande, "Baba, ka cika tanki kowace safiya. Kada ka bari wutar nan ta mutu."

Ya ce, "Likita, shekara huɗu ina kallonka kana yi. Tahi abinka."

Da na isa Mafara anka ce Sufeto ya tafi Bakura rangadi. Na kwana gidan wani abokina, na sake kwana, sai Laraba da yamma na same shi. Mutum ne mai haƙuri, amma ranar idonsa ya faɗa. Bayan mun gaisa ya jawo takarda.

"Malam Sahabi, rigakafi ya iso. Ina maganin maciji?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yana nan lafiya lau cikin sanyi."

"Sanyin mi? Ba an soke maku kananzir ba?"

Na gaya mashi abin da matan gari sunka yi. Ya murza goshi. Can ya ce, "Ka san ɗakin ajiyarmu babu ko kwalba ɗaya? Ko ɗaya. Satin da ya wuce an kawo wani daga gonakin ban ruwa, sai gaba munka tura shi, ban ma san yadda ya ƙare ba. Kai kuma kana can ka kwanta kan uku kamar kaza."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai can macijin yake. Kafin a kawo mutum nan daga wurinmu, ba mota, hanya duk kwazazzabo..."

Ya ɗaga mani hannu. "Na sani. Ni ma takarda anka aiko mani, ba shawara anka nema ba. Litinin mai zuwa ka kawo su da hannunka. Kada ka sa in rubuta ka."

Alhamis ina idar da sallar asuba na kamo hanya, wajen ƙarfe takwas na iso. Tun daga bakin ƙofa na ji wani wari kamar na garejin manyan motoci. Na shiga ɗakin magani, sai ga bango bayan firji ya yi baƙi ƙirin har rufi. Na buɗe firjin na sa hannu. Ɗumi na ji, kamar cikin aljihu. Kuma babu kwalaben.

Baba Mande na tsaye bakin ƙofa, hularsa a hannu.

Na ce, "Baba, mi ya faru?"

Ya ce, "Sannu da zuwa, Likita. Ya hanya?"

"Lafiya. Baba, mi ya faru?"

Wai ranar Litinin da yamma ya ga kananzir ɗin ya yi ƙasa, ya ji tsoron ba zai kai ba. Sai ga wani direban tifa mai ɗibar yashi ya tsaya shan ruwa, Baba ya ba shi labari, direban kuma don Allah ya tsiyayo mashi galan guda na man gas daga motarsa.

Ya ce, "Na ce man da ka jan tifa cike da yashi, ai hirji bai gagara tai. Na zuba. Sai hayaƙi. Na kunna ta mutu, na kunna ta mutu."

"Ina kwalaben?"

Ya kai ni bayan ƙofa inda randar ruwanmu take girke kan yashi. Da ya ga cikin firji ya fi ɗaki zafi ranar Talata, sai ya naɗe su a tsumma ya tura su cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa, yana yayyafa ruwa. Na tono su. Na buɗe baki zan fara faɗa, sai na ji ƙarar amalanke da muryoyi a waje.

Kulu ce anka kawo. Mai sayar da fura ce a bakin asibitin, mace mai kimanin shekara arba'in da biyar, bakinta ya fi reza. Kullum in na fito sai ta ce, "Likitan da ba shi da magani, zo ka sha hura, ita ba a soke ta ba." Mijinta Nomau ke turo amalanken, Liman na biye da su. Ranar Talata da yamma tana ɗaga harawar wake a gona abu ya sare ta a idon sawu. Da yake ba ni nan, sunka kai ta wurin mai maganin gargajiya, ya tsattsaga wurin ya shafa abin da zai shafa. Yanzu ƙafar ta kumbura har gwiwa, tsagar nan kuma ba ta daina tsattsafo da jini ba, tsumman da anka ɗaura ya jiƙe. Na ce ta buɗe baki. Dasashinta duk jini.

Akwai gwajin da na koya a wani kwas da munka yi a Zariya, kuma ina roƙonku ku riƙe shi, don ba ya buƙatar lantarki. Za ka ɗebi jinin mutum kaɗan, ka zuba a kwalbar gilashi mai tsabta busasshiya, ka ajiye kada ka taɓa, sai minti ashirin. Sannan ka karkata ta. Jinin mai lafiya zai daskare ya tsaya. In ya gangaro, dafi na aiki. Na ɗebi na Kulu, na duba agogo. Da lokaci ya cika na karkata. Ya gangaro kamar ruwan zoɓo.

Na koma ɗakin magani na ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya ga hasken taga. Ƙa'ida ita ce, in ruwan ya yi gurɓi a zubar. Biyu garau suke. Ta ukun ta yi wani hazo-hazo a ciki, na ajiye ta gefe. Amma garau ɗin nan ba shaida ba ce cewa ƙarfin maganin yana nan. Kusan kwana uku ba firji, ƙarƙashin rufin kwano. Yana iya aiki, yana iya zama ruwa kawai, yana kuma iya tayar mata da jiki ya ƙara mata wata wahalar. In kuwa na ce a tafi da ita, ina za a? Jiya-jiya Sufeto ya gaya mani da bakinsa babu a ajiya. Sai dai Gusau ko Sakkwato, ba mota, ba tabbas, mace na zubar da jini.

Baba Mande ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa. "Likita, don girman Allah ka ruhe mani asiri. Ka yi mata allura kawai. Wa zai sani?"

Ba zan ɓoye maku ba, na so in yi hakan. Ba don shi kaɗai ba, har don kaina. Ni na ƙi bin takarda, ni na sa matan gari sunka rage fitilunsu. Amma na tuna in ta mutu, mijinta zai tafi da cewa an yi mata magani mai kyau Allah bai nufa ba, ni kuma in zauna da abin da na sani. Na fita na kira Nomau da Liman bakin baranda.

Na ce, "Akwai magani, amma akwai magana. Firjin ya mutu tun Litinin. Maganin ya ji zafi. Ban san ko zai yi aiki ba, kuma yana iya wahalar da ita. In ba a yi ba, jinin nan ba zai tsaya da kansa ba. Mafara babu."

Nomau ya dube ni. Ya ce, "In taka matar ce, mi za ka yi?"

Na ce, "Zan yi mata."

Liman ya gyara rawaninsa. "Likita, ba don in tsananta ba. Amma matanmu sun hana ma kansu haske don wanga abu. Kananzir ɗin ƙarewa ya yi?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, laifina ne. Ni na tafi na bar wurin."

Sai na ji motsi bayana. Baba Mande ne ya fito, ya durƙusa gaban Nomau, dattijo da furfurarsa.

"Ba Likita ba ne. Ni na zuba man gas. Na ɗauka taimako nike."

Nomau ya kawar da kai yana kallon gona.

Daga cikin ɗaki sai muryar Kulu, ta raunana amma ba ta rasa kaifinta ba. "Ku maza kun taru kuna shawara kan ƙahwar da ba taku ba. Likita, zo ka yi abin da za ka yi. In na mutu dai ka biya Nomau hurar da kake sha."

Na shiga. Maganin nan ta jijiya ake ba da shi, a hankali ƙwarai, kuma dole ka ajiye wata allurar a kusa, wadda ake yi in jiki ya ƙi baƙon abu. Na zuƙe ta na ajiye kan tire. Na ce bismillah na fara. Kwalba ta farko ta shiga lafiya. Ina tsakiyar ta biyu sai ta fara susar wuya, sai tari, sai jiki ya ɗauki ɓari, fatarta ta yi ruɗu-ruɗu. Na tsaya. Na yi mata waccan allurar a cinya, na riƙe hannunta ina ƙirga bugun jini, ina sauraren numfashinta. Ban san minti nawa munka yi haka ba. Nomau na bakin ƙofa yana ta salati. Da numfashin ya daidaita na ci gaba, ɗigo-ɗigo, har kwalbar ta ƙare. Na duba agogo, goma da rabi.

Daga nan ƙa'ida ta ce a jira awa shida kafin a sake gwada jini, don sai jiki ya samu lokacin gyara abin da dafi ya ɓata. Wato huɗu da rabi. Na yi tafiye-tafiye a rayuwata, na taɓa kwana biyu a bakin kogi ina jiran jirgin fito, amma ban taɓa ganin lokaci mai nauyin awa shidan nan ba.

Labari ya zaga gari. Mata sunka taru gindin bedi, wato itacen dogon yaro, a tsakar asibiti. Ina duba sauran marasa lafiya, mai zazzabi, mai ciwon ido, amma rabin hankalina na ɗakin Kulu. In na ba mutum biyu magani sai in leƙa. Kwalbar nan mai hazo tana kan teburina, duk shigowa sai mun haɗa ido. In jinin bai tsaya ba, ita kaɗai ta rage. Zan karya ƙa'ida in yi mata ita? Har yau ban san amsar da zan ba kaina ba.

Baba Mande kuwa ya kwance tankin firji da lagwani ya kai bayan asibiti, yana ta gurza da toka da yashi. Ba wanda ya sa shi. Ba wanda ya yi mashi magana. Ko da anka kira azahar, sai da sahu ya watse ya je ya yi tasa.

Bayan azahar na goge mata dasashi da auduga, na jira, na sake gogewa. Jinin ya ragu. Zuciyata ta ɗan sauka, amma na san wannan alama ce kawai, ba hukunci ba. Ina juyawa sai ta ce, "Likita, kaina na sarawa."

Abin da muke tsoro ga mai dafin kububuwa ke nan, jini ya ɓalle cikin kai. In ya kai nan, ko kwalba goma gare ka sai addu'a. Na haska idonta, na ce ta matse yatsuna da hannun dama, da na hagu, ta ɗaga ƙafa mai lafiya, ta faɗi sunayen ɗiyanta. Ta faɗe su duka, har da wanda ta ce ba ya jin magana.

Ta ce, "Kai Likita, duk wagga jarrabawa ta mi ce? Kwana biyu ban ci goro ba."

Na ce, "Ba za ki ci ba kuwa, sai dasashin nan ya warke."

"To ashe kai za ka kashe ni, ba macijin ba."

Na yi dariya don ta gani, amma ban yarda ba. Duk rabin awa sai na dawo na sa ta matse yatsuna.

Munka yi la'asar. Ƙarfe huɗu da rabi na wanke wata kwalbar, na shanya ta ta bushe sarai, na ɗebi jini. Na ajiye ta kan dakalin baranda, don na ce Nomau da Liman su gani da idonsu, tunda da su anka yi shawara. Na cire agogona na ajiye kusa da ita. Munka zauna mu uku muna kallon kwalbar da ba ta kai yatsa ba. Liman na jan carbi. Wani ƙuda ya zo zai sauka, Nomau ya kore shi da hula a hankali kamar mai tsoron tayar da jariri. Da minti goma ya wuce ya ce, "Likita, bai yi ba?" Na ce saura. Da sha biyar ya sake tambaya. Na ga Baba Mande ya leƙo daga kusurwar gini, hannunsa duk baƙi, bai matso ba.

Ashirin ta cika. Na ɗauki kwalbar. Na karkata kaɗan. Bai motsa ba. Na ƙara karkatawa. Yana nan manne a gindi, ya yi gudaji kamar hanta. Na kifa ta gaba ɗaya, bakinta ƙasa, ko ɗigo bai sauko ba.

Liman ya ce, "Alhamdu lillahi," a hankali. Nomau ya ce, "Sake juya ta in gani." Na sake. Ya karɓa da hannunsa ya kifa, ya girgiza kaɗan, sannan ya zauna ƙasa ya rufe fuska da hularsa. Matan gindin bedi sunka taso. Ni kuwa na ɗauki agogona na ɗaura.

Washegari na sake gwadawa, don wani lokaci dafin kan dawo. Jinin ya daskare. Kwana biyar ta yi wurinmu, ƙafar ta daɗe tana ba ta wahala, amma da ƙafarta ta koma gida. Nomau ya yi kusan wata bai amsa gaisuwar Baba Mande da sakin fuska ba, daga baya dai sunka koma daidai, ban san yadda sunka yi ba, ban kuma tambaya ba.

Ranar Litinin na kai wa Sufeto kwalbar mai hazo da rahoto a rubuce, ban rage komai ba. Ya karanta, ya ce, "Matar ta rayu?" Na ce ta rayu. Ya ce, "Madalla." Sannan ya miƙo mani takardar tuhuma, don aikinsa ke nan, na amsa, anka sa mani gargaɗi a fayil. Bayan sati biyu anka aiko akori-kura ta ɗauke firjin. Kakar da ta biyo baya kububuwa ta sari wani magidanci a garin. Ba ni da abin ba shi. Kan amalanke ya cika, ba su ko kai titi ba. Da rani anka mayar da ni wajen Bakura.

Abin da na koya, ku ji shi da kyau, ku masu ma'aikata ƙarƙashinku. Shekara huɗu Baba Mande na kallona ina zuba kananzir, ban taɓa zama minti biyar na gaya mashi dalili ba, mi ya sa kananzir kaɗai, mi ke cikin kwalaben nan, wa zai mutu in sun ji zafi. Na nuna mashi yadda ake yi, ban gaya mashi don mi ake yi ba, don ina ganin lebura ne. Tun daga ranar, ko mai shara na ba aiki sai na haɗa mashi da dalilinsa.

Kuma na daɗe ina tunanin mutumin da ya zauna a ofis ya ja biro kan layin kananzir. Ban ɗauke shi mugu ba. An ce ya rage, ya duba ya ga abu ƙarami, man fitila, ya soke. Shi ma bai san mi wutar nan ke riƙe da shi ba. Kuskurensa da na Baba Mande iri ɗaya ne. Bambancin kawai, Baba Mande ya fito ya durƙusa gaban mijin Kulu ya ce shi ne.